Guzurin Ɗan Makaranta

Yau maganar ciki za mu yi, watau cikin ɗan yaron nan da 'yar yarinyar nan da ki ke sallama kowace safiya, da jaka a rataye, kina ce musu Allah ya ba da sa'a. Littafi yana cikin jaka, fensir yana ciki, an wanke tufafin makaranta an goge. To, me za su ci kafin su komo?

Bari mu ƙirga sa'o'in tare. Yaro ya kan bar gida wajen ƙarfe bakwai. In a cikin garin Rano ko Kibiya ya ke, da sauƙi; amma wanda gidansu ke can cikin karkara, a ƙasar Rurum ko Tarai ko Fammar, sau da yawa sai ya yi tafiya mai nisa a ƙasa kafin ya ga ƙofar aji. Ba zai dawo ba sai azahar ta kusa, ko ta wuce. Sa'a shida ke nan ko fiye, kuma da ya ajiye jaka ga Islamiyya tana jiransa. Babban mutum ma in ya yi sa'a shida yana aiki ba kome a cikinsa sai ya fara hamma, balle yaro wanda jikinsa ke kan ginuwa. Hausawa sun ce da ruwan ciki a kan ja na rijiya. Karatu ma rijiya ce, mai zurfi kuwa. Ki tambayi kowane malamin firamare, zai gaya miki ya san yaron da ya fito bai karya ba: ana lissafi yana gyangyaɗi, an fita wasa ya raɓe jikin bango, a tambaye shi abin da aka faɗa ɗazu ya yi zuru. Sai a ce daƙiƙi ne, alhali kuwa yunwa ce.

Maganar ba ƙarama ba ce a ƙasarmu. Binciken lafiyar jama'a da aka yi a Nijeriya a 2018 ya nuna cikin kowane yara 100 'yan ƙasa da shekara biyar, 37 sun tsumbure, tsawonsu bai kai na shekarunsu ba. A nan Arewa maso Yamma adadin ya kai 57. Binciken ya kuma sami ƙarancin jini a jikin yara 68 cikin 100. Waɗannan yaran su ne bayan shekara ɗaya ko biyu a ke kai wa aji ɗaya. Watau da yawa daga cikinsu da bashi a jiki su ke fara karatu, kuma ba a biyan wannan bashi da biskit.

Wata za ta ce ai gwamnati ta kan ciyar. Ta ciyar, gaskiya ne. Gwamnatin Jihar Kano ta ba 'yan firamare abinci zamanin Rabi'u Musa Kwankwaso, a zangonsa na fari tsakanin 1999 da 2003, ta kuma sake tsakanin 2011 da 2015. A 2016 Gwamnatin Tarayya ta fito da nata shirin domin 'yan aji ɗaya zuwa uku, a kan naira 70 kowane yaro a rana, daga baya aka mai da shi naira 100. A watan Janairu na 2024 aka dakatar da shi tare da waɗansu shirye-shirye. Abin da ya kan zo ya tafi ba a jingina cikin yaro da shi. In ya zo, alhamdu lillahi, ƙari ne. Tukunyarki ce kaɗai ba ta jiran kasafin kuɗi.

Sai kuma kuɗin tara. Ko da ya ke a makarantu da yawa yanzu sai wajen ƙarfe goma a ke fita hutun, sunan bai sake ba. Yawancinmu abin da mu ke yi ke nan, a miƙa wa yaro 'yan kuɗi a bakin ƙofa a huta. Ba na zargin matan da ke kai abincin sayarwa bakin makaranta. Maƙwabtanmu ne, neman halali su ke yi, kuma a cikinsu akwai masu tsabta ƙwarai. Amma yaro ɗan shekara bakwai da kuɗi a hannu ba wurin mai alala zai nufa ba. Alawa zai saya, da ruwan zaƙi mai kala a leda, da ƙanƙara. Bakinsa ya yi ja, cikinsa yana nan yadda ya baro gida. Ki gwada wannan: ki haɗa kuɗin tara na 'ya'yanki na mako guda, ki aika kasuwa a auno miki wake da gyaɗa, ki ga abin da zai cika.

Ba wani sabon ilmi na kawo miki ba. Kakanninmu sun san yadda a ke sallamar matafiyi. Fataken da su ka riƙa zuwa Gwanja sayen goro wata da watanni su ke yi a hanya, ba kula ba firji, kuma mata ne ke haɗa musu guzuri: abin da zai ƙosar, abin da ba shi da nauyi, abin da rana ba za ta lalata ba. Dakuwa da ƙuli-ƙuli da ƙanzo da kilishi duk irin wannan hikima ce. Ɗan makaranta ƙaramin matafiyi ne. In kin dube shi haka, rabin wahalar ta ƙare, domin kin san ba liyafa za ki haɗa ba, guzuri ne.

Abu uku a kwano ɗaya

Kowane irin guzuri za ki haɗa, ki duba ko akwai abu uku a ciki. Na fari mai ƙosarwa, mai ba da ƙarfi: gero, dawa, masara, shinkafa, alkama, dankali, rogo. Na biyu mai gina jiki: wake, gyaɗa, waken suya, gurjiya, riɗi, ƙwai, kifi, nama in da hali. Na uku mai kare jiki daga cuta: ganye da 'ya'yan itace. Na farin ba ya yi mana wuya, shi mu ke ci safe da dare. Na biyu da na uku su ne a kan manta.

A ƙasar Japan, inda yau a ke yabon abincin makarantunsu, an fara ne a 1889 a wata makaranta ta garin Tsuruoka, domin 'ya'yan talakawa. Abin da aka ba su kuwa dunƙulen shinkafa ne da gasasshen kifi da ɗan ganye mai tsami. Kin ga abu ukun nan ke nan, ba ƙari. Mu ma muna da namu, ba sai mun aro ba.

Sarkinsu duka a wurina shi ne dambu. Ban san wani abincinmu da ya haɗa ukun nan cikin sauƙi kamarsa ba, ga shi ba miya balle ta zube cikin jaka ta ɓata littafi, ga shi ko ya huce yana da daɗi. Ki ɗebi tsakin masara gwangwanin madara huɗu, ki wanke ki tsane, ki turara a madambaci har ya fara laushi. Ki juye a kwano, ki zuba zogale mai yawa, wanda kin riga kin tsince kin wanke, da albasa, da ɗan attaruhu, da gishiri, da dakakkiyar gyaɗa cikin gwangwani ɗaya. Ki yayyafa ruwa kaɗan, ki cuɗa, ki mayar ki turara har ganye ya nuna. In kin sauke ki sa mai. Wannan ya isa yara uku ko huɗu, har a rage wa na goye. Kada ki yi rowar ganyen. Dambun da a ke ganin zogale ɗai-ɗai a ciki kamar an yi masa ado, tsaki ne kawai. Ya kamata kore ya kusa rinjayar fari. In zogale ya yi wuya da rani, busasshe ma yana yi, sai dai a inuwa a ke shanya shi, domin rana ta kan cinye amfaninsa ta bar miki kara. Rama ma tana yi, in kin tafasa ta kin zubar da ruwan tsamin.

Man nan da na ce a sa ba domin daɗi kaɗai ba ne. Bitamin A da ke cikin ganye da karas, wanda ke tsare ido da fata, ba ya shiga jiki sosai sai da maiƙo. Manja kuwa shi kansa cike ya ke da shi, muddin ba ki soya shi har jansa ya fita ba. Wadda ta bar manja a wuta har ya yi fari ta ƙone abin da ta saya da kuɗinta.

Bayan dambu sai dangin wake. Nijeriya ta fi kowace ƙasa a duniya noman wake, mu nan kuwa a bakin gonarsa mu ke, saboda haka abin kunya ne yaronmu ya rasa shi. Akwai wani sirri tsakanin wake da hatsi: abin gina jikin da ke cikin hatsi bai cika ba, na wake ma bai cika ba, amma abin da wannan ya rasa wancan yana da shi. In an haɗa su sai su cike wa juna, su kusa yin aikin nama. Wadda ta fara haɗa ƙosai da koko, ko shinkafa da wake, ba ta karanta wannan a littafi ba, amma ta yi daidai. Garau-garau da mai da yaji, a yanka tumatir da albasa a gefe, guzuri ne cikakke. Sai dai ki yawaita waken, kada ya zama ana neman sa cikin shinkafa kamar allura. Ɗanwake yana riƙe ciki ƙwarai, amma ki sassauta kanwa, domin in ta yi yawa tana kashe wani sashe na bitamin da ke cikin waken, kuma ta kan ɓata wa yaro ciki.

Alala da ƙosai mata da yawa suna gudunsu da safe saboda surfe da kai markaɗe. Ga dabara. Ran Asabar ki surfa wake mai yawa, ki wanke, ki shanya ya bushe ƙarau, a kai inji a niƙo miki gari. Ki adana a mazubi mai murfi. Da asuba sai ki ɗebi wanda ki ke so, ki jiƙa da ruwa kaɗan, ki bar shi ya ɗan jima, ki buga, ki sa jajjage da manja da ɗan busasshen kifi da ki ka cire wa ƙaya, ki zuba a gwangwani ki ɗora. Kafin a gama wa yara wanka ta nuna. Ki tuna dai alala ba ta da haƙuri da zafi: wadda aka dafa da safe a cinye ta da tara, kada a ajiye ta sai an tashi.

Awara kuwa ta zama ruwan dare a garuruwanmu, kuma ta cancanta, domin waken suya ya fi wake da gyaɗa abin gina jiki. Fiye da kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa shi ne. In za ki yi da kanki, ki haɗa ta da ruwan tsamin gasara ko na tsamiya. Ki soya da yamma, da safe ki sake jefa ta a mai mai zafi ko ki ɗumama a kasko. Yanka uku ko huɗu da rabin gurasa da ɗan kabeji, an gama. Ƙwai kuma in kina da kaji, kada duka su tafi kasuwa. Ki dafa shi minti 10, ki bar shi da ɓawonsa, domin ɓawon nan shi ne kwanon da ya fi kowane kwano tsabta. Tsohuwar maganar nan cewa yaron da ke cin ƙwai zai yi sata ba ta da tushe. Wanda ya ƙirƙiro ta, ina jin, ƙwan ya ke so ya ci shi kaɗai. Mutanen wajen Rurum da ke kusa da madatsar ruwa ta Tiga suna da wata falala, watau kifi. Ƙananan nan da a ke busarwa, in an daka su da ƙashinsu an barbaɗa cikin dambu ko alala, suna gina ƙashin yaro da haƙoransa.

Ran da ki ka makara, dankali ne abokin rufin asiri. Ki dafa, ki yanka, ki barbaɗa garin ƙuli-ƙuli da ɗan mai. In an sami irin mai jan ciki, wanda cibiyar binciken saiwoyi ta Umudike ta fito da shi a 2012 da 2013, ya fi, domin jan nan bitamin A ne. Rogo ma haka a ke yi masa, amma na ci, wanda ya dahu lugub, kuma kada a ba shi shi kaɗai. Rogo ba ƙuli cika ciki ne kurum. Ragowar waina ta jiya, a ɗumama a tanda a sa ƙuli. Kwaɗon zogale ko na rama da garin rogo kaɗan. Ko ƙanzo ma in an jiƙa an kwaɗa shi da ƙuli da tumatir da albasa, wane biskit!

Sa'an nan akwai na aljihu, wanda a ke yi sau ɗaya a mako. Dakuwa: gyaɗa soyayya gwangwani biyu, garin soyayyar masara ko gero gwangwani ɗaya, citta, gishiri ɗan kaɗan, sukari daidai, a kirɓa a turmi har mai ya fara fitowa, a dunƙula. Ta kan yi kwanaki ba ta sake ba. Kantun riɗi ma haka. Dunƙule biyu na dakuwa da gwaiba ɗaya sun fi abin da kuɗin tara zai saya nesa ba kusa ba.

Amma tun da na ambaci gyaɗa sau da yawa, lalle in yi miki kashedi. Gyaɗar da ta sha danshi ta yi fumfuna tana ɗauke da wata guba wadda ke cin hanta sannu a hankali, tana kuma hana yaro girma. An gano ta ne a Ingila a 1960, sa'ad da talo-talo wajen 100,000 su ka mutu bayan sun ci abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa mai fumfuna. Suya ba ta kashe wannan guba, tafasa ma ba ta kashe ta. Maganinta tsinta. Ki baza gyaɗarki a faifai, duk ƙwayar da ta yanƙwane, ko ta yi baƙi, ko ta yi kore, ko ta fashe ta sake kama, ki fid da ita ki zubar. Kada ma ki ba kaji. Masara ma haka. Mun saba mu sayar da mai kyau mu bar wa gida tsintuwa, wai kada a yi asara. Wannan ita ce asarar. Kuma ƙaramin yaro ɗan rabin aji, wanda bai kai shekara biyar ba, kada a ba shi gyaɗa ko aya ƙwaya-ƙwaya ya tafi yana gudu da ita a baki, sai dakakkiya, domin ta kan sarƙe.

Na ukun, watau 'ya'yan itace da ɗanyen kayan lambu, ki bi shekara kawai, abin da ya yi araha shi ne lokacinsa. Da kaka ga gwaiba da rake da dafaffiyar gurjiya. Da ɗari, albarkacin ruwan Tiga, wadda aka gama ginawa a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, lambunan Kadawa da Bunkure da Kura su kan cika kasuwanninmu da tumatir da karas da albasa, ga lemo, ga magarya da kanya da goruba. Da bazara mangwaro har zubewa ya ke yi. Da damina ganye ko'ina, ga yalo da gauta, ga ɗinya. Abu ɗaya a rana ya isa. Ki wanke da ruwa mai kyau, ki ba shi ɗungum da ɓawonsa in zai yiwu, domin abin da aka yanka tun safe shi ƙuda ke so. 'Ya'yan itacen nan suna da wani aiki kuma: sinadarin ƙarfe da ke cikin wake da ganye, wanda ke ƙara jini, ya fi shiga jiki in an bi shi da abu mai bitamin C, kamar gwaiba ko lemo ko tumatir ko garin ƙwallon kuka. Shayi kuwa akasin haka ya ke yi, tare shi ya ke yi. Saboda haka shayi da burodi ba karin kumallon da za a yi alfahari da shi ba ne. Ɗumamen tuwo da miyar kuka ya fi shi.

Abin sha, ruwa ne kan gaba. Kowane yaro da gorarsa, a wanke ta kullum, a cika da ruwan da ki ka amince da shi. Kwalbar lemon kwalba guda ta kan ɗauki sukari cokalin shayi 8 ko 9, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya a 2015 ta ce abin da ya fi kyau kada mutum ya wuce kimanin cokali 6 a yini. Zoɓon gida mai sukari kaɗan ya fi. Kunun aya da fura da nono masu kyau ne, amma a gida, domin kafin tara sun fara sakewa. Da sanyin hunturu kuwa ba abin da ya kai kunu mai zafi a ƙaramin filas. Ki soya gero ko dawa gwangwani 6, waken suya 3, gyaɗa 1, kowanne dabam, ki fece waken da gyaɗar, a niƙa tare da citta. Cokali uku na wannan gari ya yi wa yaro kofi guda mai kauri.

Rana da kwano

Yanzu ga inda uwa mai ƙoƙari ta kan yi tuntuɓe. Daga Maris zuwa Mayu zafin ƙasar Kano ya kan kai digiri 40, jakar yaro kuma tana jingine a aji mai rufin kwano. Masana sun ce ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa cikin abinci tsakanin digiri 5 da 60, kuma dafaffen abinci kada ya wuce sa'a biyu a ajiye ba a wuta ba, ba a sanyi ba. Daga ƙarfe bakwai zuwa fita tara kin ga an kai iyakar, ko an ɗan gota. Saboda haka hanya biyu ce. Ko dai abinci ya tafi da zafinsa sosai cikin kula mai rufuwa, wadda ki ka ɗauraye da tafasasshen ruwa kafin ki zuba; ko kuwa ya zama busasshe irin na fatake. Mai ɗumi-ɗumi, mai ruwa-ruwa, shi ne abin tsoro. Shinkafar da ta kwana musamman, in za ki ba da ita, ki ɗumama har tururi ya tashi ta ko'ina, sau ɗaya tak. Da bazara ni dai na fi son a bar miya da taliya a gida, a koma wa dakuwa da ƙwai da gurasa da mangwaro.

Kada ki ƙulle abu mai zafi a leda. Zai yi gumi ya saki. Kada ki naɗe ƙosai a tsohuwar jarida ko takardar jarrabawa, tawada ba abin ci ba ce. 'Yar samira mai murfi, ko kwanon roba mai kamawa, a ɗaure da ƙyalle mai tsabta, ta isa, ba sai an sayi mai hoton mota ba. Ki sa cokali. Ba kowace makaranta ke da ruwan wanke hannu kusa ba, hannun da ya yi wasan ƙasa kuwa shi ke kai tsutsar ciki da gudawa baki. In kin koya masa ya zuba ɗan ruwan gorarsa ya wanke kafin ya ci, kin yi babban aiki.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Duk abin nan da na lissafa, wanda zai gagara shi ne wanda aka bari sai da safe, ga shara, ga wanka, ga maigida yana jiran nasa. Tsintar ganye, dakan ƙuli, wankin kwano da gora, jiƙa wake, duk na dare ne. Ki kuma sa maigida a ciki. Ki nuna masa lissafin nan na kuɗin tara. Namiji ya fi jin magana in da lissafi. In gidan da yawa ne, ku da abokiyar zamanki ko matan 'yan'uwa, mai girki ta haɗa na yaran gida duka a tukunya ɗaya, itace ɗaya, mai ɗaya. Wajen rabo kuma a duba: kada a cika wa namiji kwano a ce mace ba ta da ci. Aji ɗaya su ke zaune, jarrabawa ɗaya za su rubuta.

Ku kuma 'yan matana na makaranta da ke karanta wa iyayenku wannan fili, ga taku. Wadda ta kai aji biyar ko ta shiga sakandare ta isa ta haɗa guzurinta da na ƙannenta. Ki tashi ki kama wa Inna. Ku da ku ka fara girma jikinku ya fi na kowa bukatar abin ƙara jini, saboda haka wake da ganye da kifi naku ne, ku bar yanga da su. Na kuma san abin da ke hana waɗansunku buɗe kwano a gaban ƙawaye: wai kada a ce kin zo da abincin ƙauye, alhali wata ta zo da taliyar leda da lemon kwalba. Ki buɗe abinki ki ci. Sau da yawa mai dariyar nan ita ce za ta fara miƙo hannu, domin dambu mai zogale ƙamshinsa ba ya ɓoyuwa. In kuwa kin lura da wata a ajinku wadda kullum da tara ta kan zauna ita kaɗai tana duban littafi, ba don son karatu ba ne. Ki matsa kusa da ita da kwanonki, ba tare da kin tara mata jama'a ba.

Uwargida, in yaro ya dawo, kafin ki wanke kwanon ki buɗe ki duba. In ya dawo da abincin, ki tambaye shi dalili da lallashi: wataƙila yaji ya yi yawa, wataƙila ya yi tsami kafin tara, wataƙila murfin ne ya gagare shi buɗewa, ko kuwa wani babba ne ke ƙwace masa yana jin tsoron faɗa. In na ƙarshen ne, a sanar da malamin aji. In kuma kullum kwanon tas ya ke dawowa, amma yaro yana shigowa da kukan yunwa, to, akwai masu taya shi ci. Gobe ki ƙara ludayi ɗaya.